Agogon Malam Tanimu

Watana na huɗu a sashen koya wa jiki aikinsa,
Malama Kubura ta miƙo min fayil, ta ce:
"Yau ke za ki auna, ni 'yar kallo ce.
Ki cire tausayi a bakin ƙofa kamar takalmi,
in kin fito kya saka abinki.
Titi bai taɓa tambayar kowa furfurarsa ba."

Sai ga shi da sanda, zannarsa ta sha kari,
Malam Tanimu na tashar Unguwa Uku,
shekara talatin da ɗaya yana kai mutane Maiduguri.
Shanyewar ɓarin jiki ta kayar da shi bayan ƙaramar Sallah.
Yanzu ƙafa ta dawo, hannu ya dawo,
mukulli ne kawai 'ya'yansa ba su mayar masa ba.

Na ce ya riƙe min kalma biyar. Ya yi dariya,
ya jero Wudil, Shuwarin, Azare, Fataskum, Damaturu,
har da ramin da ke cin taya in damina ta yi nisa.
Fitilar na'ura ta yi ja, ƙafarsa ta faɗa wa birki
kamar shaho ya hango ɗan tsako.
Na ji sanyi a raina.
Malama ko kai ba ta ɗago ba.

Na zana da'ira: "Baba, mayar min da ita agogo."
Ya kama biro da hannu biyu, kamar sitiyari.
Sha biyu a sama, ɗaya, biyu, uku,
sai lambobi suka cunkushe a dama
kamar fasinja ranar jajibere,
hagu kuwa fili fetal.
Ya turo min takarda: "Ga shi, 'yata, an gama."
Bai ga abin da ya rage ba.

Laraba muka fita a motar koyo mai birki biyu,
Malama a gaba, ni a baya da takarda a cinya.
Titin Gidan Zoo ya bi shi kamar mai bitar hadda,
yana ba 'yan adaidaita hanya, yana bin su da tsaki.
Wajen Gandun Albasa
ɗan garuwa ya turo kura daga hagu,
jarka goma cike, yana haki.
Malama ta danne nata birkin.
Birona ya faɗi ƙarƙashin kujera.
Malam Tanimu ya juyo: "Lafiya? Me ya faru?"
Ban taɓa jin tambaya mai nauyin wannan ba.

An koya mana kada mu ce wa mutum ya faɗi.
Na ajiye agogonsa a gabansa,
na juya takardar a hankali
har hagu ta koma dama.
Ya daɗe yana kallon filin nan da ba kowa.
Fanka tana juyi. Wani yana tari a baranda.
Can ya ce:
"Ashe rabin gari ya tashi, bai yi min sallama ba."

Na yi masa bayanin atisaye:
juya wuya, neman jan layi a gefen takarda,
wata shida mu sake fita.
Bakina ya so ya yi alkawari, na hana shi.
Ya ce: "Rubuta abin da kika gani.
Amma ki haɗa da wannan:
ko kaza ban taɓa takewa ba."

Fom ba shi da gurbin kaza.
Na rubuta a gefe, da ƙananan baƙaƙe.
Malama ta karanta, ta sa hannu,
ba ta goge ba.

Da yamma, a adaidaita zuwa Kabuga,
wayata tana jaka, ƙeyar direba nake kallo,
ina ƙirga sau nawa ya waiga hagu.
Har na sauka, har na biya,
ban daina ƙirgen ba.