Jan Ɗigo a Taswira

Da sanyin safiya nake tayar da babur daga Shika,
rajista a jaka, ɗan ma'aunin roba a aljihu,
don gyambo ma ana auna shi, kamar yadi a hannun tela.

A Dakace na tarar da Sallau mai noman rani
ya ɗaure ƙwauri da yagaggen buhun taki.
Ya ce, "Malama, ai ba ya ciwo.
Ƙurji ne ya fito bayan mun cire albasa,
na ce baƙo ne zai wuce,
sai ya yi shimfiɗa ya zauna."
Na auna. Bakinsa ya kai murfin kwalba.
Na rubuta: goma sha bakwai.

A Wucicciri sun ce sammu ne.
A Bizara sun ɗora wa ruwan Galma.
Iya Tambai ta ce ta san shi tun tana ɗaukar talla,
shekara yake yi, ya tafi ya bar hatiminsa.
Ba wanda ya zargi ɗan ƙudan nan
da bai kai ƙwayar gero ba,
mai wuni a tsagar katanga da ramin gafiya,
mai fitowa da magariba ba sallama.
Sauro ko banza yana shela kafin ya ci.

Da la'asar in buɗe taswira,
in ɗiga ja duk inda na ga miki.
Bara uku ne, can bakin fadama.
Bana sun jeru kamar tururuwa ta ji sukari,
sun bi Kubanni suna leƙen Tudun Jukun.

Wanda ya kwance tsumma kaɗai nake ƙirgawa.
Ina Ladidi, da ta ja mayafi kan kunci
ta daina zuwa makaranta?
Ina yaran rugar da ta tashi
kafin in komo da sakamako?
Sau huɗu na aika rahoto.
Allura tana hanya, in ji su.
Man babur kuwa daga albashina.

Daren jiya ina alwala,
ruwa ya gangaro gwiwar hannu,
yatsana ya ci karo da wani ƙullutu,
ba zafi, ba ƙaiƙayi.
Na daɗe ina haska shi da tocila.

Sai na jawo rajista.
Suna: Kubura Tanimu.
Unguwa: Gyallesu.
Lamba: arba'in da ɗaya.

Na cire murfin jan biro,
na shiga neman rufin gidanmu a taswira.