Mai Kawo Shayi

Shekara talatin da ɗaya ina jan babbar mota
daga ramin tagulla zuwa bakin teku a Coquimbo,
dare ne yaron motata.
Taurari kuwa, na ɗauka na san su
irin sanin da ake yi wa maƙwabtan nesa:
fuska dai, ban da suna.

Da gwiwa ta ƙi, na rataye makulli,
Ermelinda ta ce, "Baldomero, kujerar nan za ta haɗiye ka.
Je ka wurin masu kallon sama."
Na je.

Duk daren Alhamis, a tudun bayan Vicuña,
mu tara ne, in an lissafa da ni.
Akwai likitan ido, Quilodrán,
akwai malamin lissafi da ba ya cire hula,
akwai Maite, 'yar shekara sha bakwai,
jikata ma ta girme ta da wata biyu.
Su kafa madubin hange, su kashe fitila,
sai zance ya ɓalle kamar ambaliya:
tafiyar haske, nauyin abin da ba a gani,
wutar da ta mutu tun tuni, labarin bai iso ba.
Wannan ya jefa lamba, wancan ya cafe ta a sama,
su yi dariya a wurin da ban ga ƙofar dariya ba.
Ni ma in dara, a makare.

Ina gyaɗa kai a cikin duhu.
Duhu mutumin kirki ne, ba ya tona asiri.

Ba wanda ya taɓa raina ni.
Da ma sun raina, da na sami igiyar kama fushi.
Sai dai "Na gode, Don Baldo,"
in na miƙa shayi da burodi mai ɗumi.
A gida ni ne ake tambaya;
injin ya yi tari daga bayan layi, na san ciwonsa.
A nan kaina yana komawa ɗan tsako,
harshena ya yi nauyi kamar taya a laka.

Mako uku ina wasa tambaya ɗaya.
Na faɗa wa madubin aski, na faɗa wa kare.
Ran nan na saki:
"Wancan farin na yamma,
me ya sa shi kaɗai ba ya ƙifta ido?"

Shiru ya yi tsawon numfashi guda.
Na ji shi kamar hanyar hamada.

Maite ce ta amsa, a hankali,
yadda ake riƙe wa tsoho hannu a matakala:
"Ai ba tauraro ba ne. Duniya ce, 'yar'uwar tamu.
Ba ta da wuta. Hasken rana take ara."

Sau nawa na yi masa hira ta gilashin mota,
na gaya masa haihuwar ɗana, na gaya masa bashi,
ashe ko jinsinsa ban sani ba.
Zanen aro, in ji mutane, ba ya rufe katara.
To ga shi ya fi kowa haske a wurin.

Na sauko da butar shayi babu ko ɗigo.
A tsohon littafin man fetur
na rubuta kalmomi huɗu da na tsinto,
biyu na tabbata ba haka ake rubuta su ba.
Ermelinda ta juyo cikin barci: "Me ka koyo?"
Na ce, "Sun shanye shayin."

Washegari da magariba na fita ƙofar gida.
Yana nan, bai ƙifta ba.
Ban yi masa magana ba, kunya nake ji.
Na daɗe dai a tsaye.

Jibi Alhamis.
Malamin lissafi ba ya son sukari,
wannan kam na riƙe.