Daidai Kafaɗa

A bayan Gumel, kan hanyar Maigatari,
akwai garken da na shekara uku ina kwashe kashi.
Can na koyi tafiya, ni da na je da gemuna.

Ran farko Baba Nomau ya karɓe sandata,
ya jingine ta jikin darbejiya.
Ya ce, "Ajiye wa maciji.
Sa kuwa, tsaya masa daidai kafaɗa.
Ka ja taku ɗaya baya, zai yi gaba,
ka sha gabansa, zai koma.
Kada ka ɓullo masa ta wutsiya, can ba shi da ido."

Na ga bijimi mai tozo kamar tulu
ya ƙi shiga ƙofa don wani tsumma da ke lilo a ƙusa.
Mu huɗu muka yi ta ihu, ya kafe.
Baba ya zo ya cire tsumman, ya cusa aljihu,
bijimi ya wuce abinsa kamar mai zuwa ɗaurin aure.

Komi bakwai, shanu ashirin da takwas,
kowa da wurin sa baki, kowa da makwanci.
Da la'asar in sun kwanta suna tuƙa
sai ka ce niƙa ake a wani gida can nesa.

Saura wata uku Babbar Sallah
Alhaji Sallau ya buga lissafi a waya,
tirela ta sauke ƙarin ashirin da biyu.
Baba ya ce, "Alhaji, filin bai ƙaru ba."
Ya ce, "Ai dusa ta ƙaru."

Dusa kam ta ƙaru.
Manya suka ci, suka tsaya kan komi suka tare.
Wani ɗan Bokolo mai kunya
sai dare ya raba yake zuwa lasar katako.
Ƙaho ya sami haƙarƙari,
kofato ya kwana a taɓo,
niƙan nan na la'asar ya ɗauke.

Ran Alhamis a kara dillali ya shafa gadon baya,
ya bi tabo da yatsa ɗaya bayan ɗaya,
ya faɗi kuɗin da ya sa Alhaji cire hula.
Har muka dawo ba wanda ya yi tari a motar.

Washegari bayan asuba na hango shi
yana auna shinge da ƙafarsa, yana motsa leɓe.
Baba Nomau na biye, hannu a baya, bai ce uffan ba,
daidai kafaɗar Alhaji,
taku ɗaya baya.