Zoben da Ya Tsere

A bakin ruwan Yauri, ran kasuwa,
jirgin Na'Allah ya sha albasa har wuya,
inji ya yi tari biyu, ya yi shiru.
Aka saɓo shi a kafaɗa kamar majinyaci
zuwa rumfar maigidana Gado.

Shekara uku ina wanke ƙarfe a tasar fetur,
na san zobba kamar 'yan unguwarmu.
Na waje mai kunne biyu ne, kowanne da huda,
ka buɗa shi da filaya, ya rungume sanda,
ya zauna a tsaginsa, boris ba ya gusawa.
Na ciki matse shi ake yi
kamar ƙato a bakin rumbu,
in ya shige ya miƙe, ya tokare bango.
Mai haƙori uku ta gefe yake shiga, ba sallama.
Mai naɗin gammo ba kunne ba hanci,
sai farce, sai lallashi.
Na fistin kuwa waya ce tsura,
shi ne ɗan banzan cikinsu.

Gado ya ce, "Hantsi, aza yatsa bisa."
Ban aza ba.
Ƙyas! Ya yi sama, ya ƙyalla sau ɗaya,
yashi ya haɗiye shi.

Mutum goma sha ɗaya a durƙushe:
fatake, 'yan dako, mai shayi da rariyarsa.
Abin da bai kai ƙwandala ba
ya tsayar da buhu tamanin.
Na'Allah ya dubi rana, ya dube ni.

Gado bai zage ni ba. Da ya zaga da na huta.
Ya ɓalle mayen ƙarfe daga tsohuwar sifika,
ya ɗaura igiya, ya miƙo mini.
Na ja shi kamar akuya mai gardama.
Ya kwaso ƙusa, marfin kwalba,
ƙugiyar wani masunci,
can sai ga mutumin, maƙale, ko kunya babu.

Gado ya ɗaga shi a haske.
"Wanga ya saki baki, ya gaji.
Ba ni aza rayukan mutane bisa gajiyayye."
Ya jawo gwangwanin madara daga ƙarƙashin benci,
sababbi fal.
Ashe tun safe suna nan.

Jirgi ya tashi bayan la'asar.
Tsohon yana igiyar makullina har yau,
yana huda mini aljihu.