Lamba Arba'in da Bakwai

Ranar da aka ɗaura mini ɗamara a barikin Tawa,
tafinta na karanta takarda, ni ina kallon bakinsa.
Ya ce: Tankari, daga yau hannunka ba naka ba ne.
Wanda ka nuna da yatsa, ya tsaya.
Wanda ka ce wa "biyo ni," ya bar hauyarsa a gona
ko da hadari ya haɗo gabas.
Ba sai an je gaban alƙali ba.
Kwana goma sha biyar a kaso,
Kumandan zai sa hannu tsakanin kurɓar kofi da hamma.

Ya ce: wanda ya mare ka, Faransa ya mara.
Na shafa kumatuna.
Ban san ƙasa guda tana iya zama kan kuncin ɗan Kalfu ba.

Sai abin da ya rataya a wuyana:
in ƙirga kawuna lokacin lanho,
har saurayin da aka ɓoye cikin rumbu,
in kora maza aikin hanyar Ƙonni,
in raka fursuna ɗiban ruwa Babaye
in maido su cif, kamar canjin kasuwa.
Kada in karɓi ko ƙwai ɗaya hannun talaka.
A nan tafinta da kansa ya yi murmushi.

Shekara ta huɗu, wadda fara ta riga mu girbi,
sunan kawuna Nomau maƙeri ya fito a takarda.
Dala uku suka rage masa.
Shi ya ƙera askar da aka yi mini askin suna.
Na same shi bakin zugazugi,
bai ɗago ba sai da ya gama bakin lauje.
Sannan ya miƙo hannu biyu:
Ɗaure da kyau, ɗan ƙanwata,
kada su ce ka yi sassauci.

Daga Kalfu zuwa Tawa
igiya na hannuna, amma ni ake ja.
Gindin wani gawo na ba shi gorar ruwa.
Takarda ba ta ce a yi ba,
ba ta kuma hana ba.
A wannan ɗan tsakani na zauna shekara ashirin.

Doka ta tsare ni, ban musa ba,
ba wanda ya taɓa ɗaga mini sanda.
Amma ba layin da ya hana mata yin shiru bakin rijiya
in matata Tsahara ta iso da tulu,
ba ayar da ta tilasta wa mutum sa hannu a akushina.
Wurin biki a kawo mini nawa gefe, cikin sabuwar ƙwarya,
wai girmamawa.

Wata Laraba fursuna ɗaya ya sulale cikin gero.
Birgaje ya kwance mini ɗamara gaban tuta:
kwana takwas
a ɗakin da makullinsa ya kwana aljihuna jiya.
Ashe Faransar da ke kuncina hula ce,
cire ta ake yi.
Da ido ya saba da duhu sai na ga bango,
zane goma sha biyar da ƙusa,
a miƙe, tsawo ɗaya, ba wanda ya karkace.
Na san hannun.

Yanzu jar hular, asu ya cinye ta.
Ɗamara, akuya nake ɗaurewa da ita.
Lambar tagulla ce ta ƙi tsufa,
arba'in da bakwai, tana ƙyalli ƙasan akwati.
Bara na kai wa ɗan Nomau ya narkar mini,
ko zobe ya fita ga jikata.
Ya juya ta gaba da baya, ya ajiye kan uwar maƙera.
Ya ce: Baba, mu maƙeran baƙi ne.
Kai wa maƙeran fari.