Tarkon Hazo

A bayan birnin Lima, kan tudun da ruwan sama ya yi wa ƙaura,
Teofila na sayen ruwa a motar tanki, jarka biyu, sai wata Talata.
Ran da motar ta ƙi hawowa, tukunya ta kwana a kife,
yara su lashi leɓe su kwanta.

Hazo kuwa kullum yana nan, yana tasowa daga teku,
ya lulluɓe rufin kwano, ya zauna kan igiya,
a yi ta zaginsa don ya hana shanya bushewa.

Jikanta Wilmer, mai tara tsofaffin takardu ya sayar a kilo,
ya tsinci littafi babu bango, ɓera ya ɗanɗana gefensa.
Zai ɗora shi kan sikeli,
kakar ta ce: ajiye, nauyinsa bai kai kuɗin burodi ba.

Idonta ya gaji, shi ke karantawa, ita tana tsintar wake.
Shafi na arba'in da uku, hoton raga tsakanin sanduna biyu,
a ƙasa an rubuta: hazo ruwa ne da bai sami wurin zama ba.
Ta ce: maimaita.
Ya maimaita.
Wake ya zube, ba ta duƙa ba.

Maƙwabta suka sha dariya, wai tsohuwa za ta kama iska da koma.
Ragar farko ta yage.
Ta biyu suka kafa ta a kaikaice, ko ɗigo.
Suka koma ga littafin, ashe sun tsallake layi ɗaya:
a fuskanci inda iska ke fitowa.

Da asubar Laraba ta ji motsi a bokiti, ɗis, ɗis,
kamar baƙo mai kunya na ƙwanƙwasa ƙofa.
Kafin hantsi ruwa ya shanye mata yatsa.

Yau raga tara ke tsaye a tudun.
Akwai kabewa da albasa a bayan ɗakin Fortunato,
wanda ya fi kowa dariya.
Shi ne jiya ya zo, hula a hannu:
ko littafin nan ya ce wani abu kan tsutsa mai cin ganye?

Wilmer ya duba har shafin ƙarshe. Bai ce ba.
Teofila ta ƙulle kuɗin mota a hankici, ta miƙa masa:
gobe ka sauka gari, ɗakin karatu na daura da kasuwa.
Wanda ya rubuta wannan,
ai ba shi kaɗai ya iya riƙe alƙalami ba.