Kashi Tamanin da Bakwai

Kashi tamanin da bakwai.
Haka Malam Sada ya karanto daga allon kwamfuta,
bai ko ɗago ya dube ni ba.
Wai manhaja ta sansana rubutuna,
ta ce babu warin mutum a ciki.

Hurera, faɗi gaskiya mu rufa wa juna asiri,
ƙirƙirarriyar basira ce ta yi miki.
'Yar ajin farko ba ta ɗora waƙafi haka,
shafi goma sha ɗaya ba tuntuɓe ko ɗaya.

Ashe shara ma laifi ce,
idan tsakar gida ta cika haske.

Ni da wayata mai maɓalli,
tocila ce iyakar basirarta.
Da ita na haska takarda a Rafindadi,
kwana huɗu wuta ba ta leƙo ba,
sauro na yi min wa'azi a kunne,
Nafi'u na juyi a tabarma, yana cewa in kashe.
Da safe na kai Ƙofar Ƙaura aka buga,
da kuɗin awarar Inna,
mai ƙamshin mai da yaji.

Laraba kwamiti ya zauna.
Mu huɗu a benci kamar masu jiran allura.
Mannir na murza hula,
Zinatu ta jiƙa bakin hijabi.
Wanda ya aikata kuwa, na san shi, ba zan faɗa ba:
ya barbaɗa kurakurai kamar gishiri,
manhaja ta ba shi kashi uku,
yana can wurin mai shayi, ana soya masa ƙwai.

Suka ce, wa ya koya miki rubutu?
Na ce, inji.
Biro uku suka sunkuya lokaci guda.

Na ce, injin babana.
Tafireta ce, ta girme ni da shekara ashirin.
Ƙarƙashin bedi, daura da ƙofar kotu,
Malam Mati ke buga wa mutane kukansu:
mai gona, mai bashi, mai neman fansho.
Tun ina 'yar bakwai nake canza masa ribin,
yatsuna baƙi ƙirin har ranar Sallah.
Yakan ce, takarda kuɗi ce, 'yar nan,
tauna magana kafin ki danna.
Waƙafi ɗaya da ya zauna inda ba wurinsa ba
ya taɓa cinye gonar wani a Batagarawa.

Suka miƙo farar takarda.
Awa ɗaya, a gabanmu.
Fanka ta tsaya, zufa ta ɗiga kan sakin layi na biyu,
na zagaye ta na wuce.
Malam Sada da kansa ya kwafe, harafi bayan harafi,
ya ba manhaja ta ɗanɗana.

Kashi tamanin da tara.

Ya cire tabarau, ya goge da bakin riga,
ya dubi tawadar da ke yatsana,
ya daɗe yana duba.
Ba wanda ya ce yi haƙuri.
Cewa aka yi, za mu duba,
sakamakonki ya ɗan jira.

Daren nan baba ya sauko da injin daga kan sif,
ya hure ƙura, ya ɗiga man keke.
Shekara talatin yana rubuta koken 'ya'yan wasu,
yau ta biyo ta ɗakinsa.
Ya kai tsakiya ya dakata,
yatsa a sama kamar mai tahiya.

Ko in bar musu kuskure ɗaya, Hurera,
su gane mutum ne?

Ban amsa ba.
Ya gyara zama, ya yi bismilla,
ya sa waƙafin a wurinsa.